Motar da ke Kwana a Durƙushe

Tun da muka dawo daga Kwatano, duk wanda ya shigo kemis ɗina a unguwar Hausari sai ya fara da tambayar mota kafin ya tuna da ciwon da ya kawo shi. "Malam Idi, ina jif ɗin?" "Wai da gaske a motar haya kuka dawo?" Har da masu cewa 'yan damfara ne suka wanke mu tas. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Da farko dai tafiyar ba tawa ba ce, ta surukina ce, mahaifin matata. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, Baba nake ce masa. Duk wanda ya san harkar tirela a Potiskum ya san shi. Ya yi yaron mota, ya yi direba, har ya mallaki tireloli uku masu kai shanu kudu. Ɗaya ta tafi a hatsari, ɗaya tsadar gyara ta cinye ta. Bana ya sayar da ta ƙarshe, ya ce ya gaji da bin direbobi da waya, zai sayi babbar jif ta alfarma ya riƙa ba da ita haya ga masu biki da manyan baƙi. Kuɗin tirelar nan shi ne abin da ya rage masa, ga kuma bakuna da yawa suna jiran tuwo a gidansa. Idan aka sayo gawa, babu wata tirelar da za a sake sayarwa.

Ni an ɗauke ni ne don in karanta takardu da lambobi. Ta bakin matata saƙon ya zo: "Baba ya ce ka shirya." Ban ji daɗi ba, amma wa ya isa ya ce a'a? Ni mutum ne mai zargi, ban taɓa ɓoyewa ba, kuma sana'a ce ta mai da ni haka. Wanda ya sha ganin kwalin magani da aka kankare ranar lalacewarsa aka buga sabuwa, ba ya ƙara yarda da lamba don kawai an buga ta da kyau.

Sai dai ku tuna abin da ake nufi da tafiya da suruki. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa musa masa ko a kan hadari ba, in kuma ina da magana mai nauyi sai ta bi ta bakin wani. Yanzu ga ni kafaɗa da kafaɗa da shi a kujera ɗaya daga Potiskum har bakin teku.

A Kano zargina ya fara samun aiki. Baba ya shiga wajen wani ɗan canji, ya ajiye masa jakar kuɗin gaba ɗaya, mutumin ya ɗaga waya ya yi magana biyu, ya ce mu karɓa a Zangon Kwatano wajen ƙaninsa. Babu rasit, babu shaida sai Allah. Na tsaya ina kallon jakar tana shigewa ƙarƙashin tebur. Baba ya lura, ya ce, "Malam, haka muke yi tun kana goye." Na ce, "Haka ne, Baba."

Babbar bas muka hau zuwa Legas. Yunwa ta so hallaka ni a hanyar nan, domin duk inda aka tsaya sai in ce zan kama ruwa, in zagaya bayan wata mota in ci abin da na samu a tsaye. A Lakwaja ina laɓe bayan wata tankar mai da robar shinkafa sai na ji ƙarar bas ɗinmu ta tashi. Na bi ta a guje, cokali a hannu, fasinjoji na bubbuga jikinta suna ihu. Da na zauna ina haki, Baba bai ko kalle ni ba, ya ce, "Alwalar ta yi tsawo." Sauran hanyar ya cinye ta ne yana sauraron tirelolin da muke wucewa. Daga ƙara kawai zai ce wannan zoben injinta ya ci, waccan direbanta azzalumi ne. Ban taɓa jin ya yi shakka ba, kuma wannan ya ɗan kwantar mini da hankali.

Daga Legas zuwa kan iyaka, shingaye kamar an shuka su. Wasu masu tsaron da kaki, wasu da singileti da gora kawai. A bakin iyakar aka ce mu nuna katin rigakafi. Baba ya zaro nasa na aikin Hajji. Ni mai sayar da magani, ni ne ba ni da shi. Wani mutum cikin farar riga a wata rumfa ya ce ko allura nan take ko na goro. Na ce in ga kwalbar. Ya nuna mini daga nesa, babu ko takarda a jikinta. Na ba da na goro. Har yau ban sani ba ko ma'aikaci ne ko shi ya ɗinka wa kansa rigar.

A tsallake muka tarar da Gambo yana jiranmu. Ɗan unguwar Yindiski ne a Potiskum, amma ya daɗe a Kwatano yana dillancin motoci, ya iya Faransanci, kuma da shi Baba ya yi ta waya kafin mu taso. Ya durƙusa har ƙasa ya gai da Baba, ya juyo gare ni da fara'a, "A'a, har da Dokta aka zo? Lale, lale!" Mutumin da ya ba ni muƙamin da ban karanta ba tun kafin mu gaisa, na san akwai abin da yake so ya sayar mini.

Kwatano gari ne na babura. 'Yan acaɓarsu duk rigar ruwan ɗorawa suke sawa mai lamba a baya, mata kuma na tuƙa nasu da kaya a ka ba wanda ya waiwaya. Fetur a manyan kwalabe ake jera shi bakin titi kamar man gyaɗa. Burodinsu dogo ne mai tauri, a hammata ake ɗaukarsa. Ranar farko aka kawo mini wani tuwon masara mai tsami da miya, na sa cokali sai ga ƙaguwa ta taso da ƙafafunta cur. Na rufe kwanon na koma ga burodi da shayi har muka bar ƙasar. Kuɗin kuwa, abin mamaki, mun same su a Zango ba ko sisi da ya yi ciwon kai. Na ji kunyar zargin da na yi wa ɗan canjin Kano, amma ta ɗan lokaci.

Masaukin da Gambo ya kama mana ɗaki ɗaya ne da katifa biyu. Ni in kwana ɗaki ɗaya da Baba? Na ce zafi nake ji, na ɗauki tabarma na koma baranda. Sauron bakin teku ya yi walima da ni.

Washegari da hantsi Gambo ya kai mu filin motoci a wajen gari. Ban taɓa ganin motoci haka ba, iya ganinka. Na fara aikin da aka kawo ni, wato duba agogon da ke nuna tafiyar da mota ta yi. Nan na ga abin dariya. Mota ta shekara goma sha, agogonta na cewa ko Maiduguri ba ta je sau nawa ba, amma robar birkinta ta cinye har ƙarfe ya leƙo, sitiyarin ya yi sheƙi saboda gumin hannu, kujerar direba ta lotsa. Wata an wanke injinta har yana walƙiya, kamar mara lafiyar da aka shafa wa hoda. Na nuna wa Gambo, ya yi dariya ya ce, "Dokta, ai nan kowace mota yarinya ce."

Can ciki ya kai mu wajen wadda ya tanada. Baƙar jif ce ƙirar Turai, doguwa, kujerun fata, ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Mun tarar da ita a kunne, sanyi na busawa a ciki. Mai ita wani ƙato ne mai sarƙar zinari, Musiye kawai ake ce masa. Ya buɗe wa Baba ƙofar baya da kansa, Gambo ya fassara cewa an kunna ta ne don kada babban baƙo ya shiga zafi. Baba ya zauna, ya jingina, ya lumshe ido. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan injin tirela, zafi na dafa masa ƙafafu daga Potiskum har Fatakwal. Na ga fuskarsa a lokacin, na ji tausayinsa, na kuma ji tsoro.

Agogonta ya haura kilomita dubu ɗari biyu da hamsin. Na gaya wa Gambo, shi kuma ya gaya wa Baba, alhali muna tsaye wuri ɗaya. Baba ya ce, "Shi ke nan? Tirelata ta zagaye agogo ta dawo, kuma da ƙafarta ta tafi wajen mai saye. Mota inji ce." Ya sa aka buɗe gaba, ya kara kunne, ya sa hannu a bakin salansa ya shinshina, ya ja giya. Ya ce injin lafiya lau, kuma na yarda da shi, don a wannan fanni babu na biyunsa. Gambo ya matso ya rage murya, "Baba, in lambar ce ta dame ku, akwai mai rage ta. Kafin la'asar ta koma dubu tamanin, kyauta." Baba ya ce a bar ta yadda Allah ya yi ta.

Sai na shiga lissafi. Cikin duk motocin filin nan wannan ce kaɗai ba a taɓa agogonta ba, ga ta fi na kusa da ita kyau, ga kuɗinta ya fi nasu sauƙi. Mutanen da ke rage lamba kyauta, me ya sa suka bar wannan? Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya nuna maka ƙaramin aibi da hannunsa, yana so ne idonka ya tsaya a nan.

Rana ta biyu muka koma ciniki, muka sake tarar da ita a kunne. Aka ja, aka ja, duk ta bakin Gambo. Musiye zai yi magana mai tsawon zance, Gambo ya fassara da kalma uku. Batun takardu da yadda za a shigar da ita gida ma Gambo ya ce a bar masa, wannan ma bai kwanta mini ba. Aka tashi a kan gobe za a ƙarasa. Kafin mu fita na cire hulata na tura ta ƙarƙashin kujerar baya.

Da aka idar da sallar asuba na ce wa Baba na manta hula a filin motoci. Ya ce, "Magidanci ba hula? Je ka ɗauko." Na hau acaɓa, na isa ana buɗe ƙofa. Maigadin wani tsoho ne Bazabarme mai jin Hausa, ya bar ni na shiga. Na zagaya layin da take na rasa ta, sai da na sake dubawa. Tana nan inda muka bar ta, amma ta zauna. Bayanta ya sauka har ya rufe rabin tayoyin, gabanta ya karkata gefe guda, kamar raƙumin da aka durƙusar za a yi masa lodi. Ina tsaye wani ma'aikacin Musiye ya zo da makulli, ya gan ni, ya yi turus, sannan ya kunna ta. Wani famfo ya kama gurnani a ƙarƙashinta, ta riƙa ɗagowa a hankali har ta miƙe ta koma amaryar jiya. Na dubi maigadi na ce, "Baba, kullum haka take kwana?" Ya ce, "Ni gadi aka ɗauke ni, ɗana." Ya miƙo mini hulata da aka tsinta a motar aka ba shi ajiya.

Daga nan na kira bakaniken da ke gyara mini babur a gida, ya haɗa ni da maigidansa. Maigidan ya ce irin waɗannan ba sifirin ne da su ba, a kan wasu jakunkunan iska suke tsaye, in suka tsufa sai su riƙa yoyo, famfon ya yi ta wahala har ya ƙone. Na ce nawa ne gyara? Ya ce, "Malam, mu nan ba ma taɓa ta. Sai Kano ko Abuja, a sa mata kwamfuta, kayan ma sai an yi oda. Kuma in ƙafa ta fara, sauran ma layi suke bi." Na tuna hanyar Nangere da damina, na tuna amarya a cikin motar da ta zauna a tsakiyar titi.

To, yanzu wa zai gaya wa Baba? Na samu Gambo a gefe na zayyana masa. Ya ce, "Haba Dokta, ƙaramin abu ne, zan gaya masa." A gabana ya je ya ce, "Baba, Dokta ya ce motar ta yi, sai dai in an je gida a ɗan taɓa ƙafa." Baba ya ce ai kowace mota ana taɓa mata ƙafa. La'adar Gambo na cikin cinikin, ni ne wawan da ya aiki kura kai saƙon akuya. Na kira matata na ce ta yi wa mahaifinta magana. Ta ce, "Baban Ummi, ka taɓa jin Baba ya saurari zancen mota daga bakin mace? Kai ne a wurin."

Bayan azahar muka koma filin. Tana kunne, tana tsaye ƙyam. Aka zauna a benci, aka ci gaba daga inda aka tsaya, har tazarar da ke tsakaninsu ta zama kaɗan. Na ga Baba ya gyara zama, ya miƙa hannu zai ce ya saya. A wajenmu kuwa in dattijo ya ce ya saya aka ce an sallama, magana ta ƙare, ko da gawa ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na ce, "Baba, ku gafarce ni."

Kowa ya juyo. Ban taɓa jin muryata ta ƙanƙance haka ba.

"Ku ne na ji kuna gaya wa direbobi, ba a sayen mota sai an ga yadda take kwana da yadda take tashi. Wannan tun da muka zo ba mu taɓa ganinta a kashe ba."

Na tuna wa mutum karatun da shi ya koyar, a sana'arsa, a gaban dillali da baƙi. Da na zage shi ma da ya fi sauƙi. Gambo ya fara, "Haba Dokta, Baba da ya yi shekara..." Baba ya ɗaga masa hannu. Bai dube ni ba. Ya janye hannun da ya miƙa, ya ce, "A kashe ta. A ba ni makullin."

Musiye ya yi ta zuba Faransanci, Gambo ya ce wai baturi ne ba ya son a riƙa kashewa. Baba ya ce, "In ba za a kashe ba, sai an jima." Aka kashe. Ya sa makullin a aljihu, ya shimfiɗa dardumarsa a inuwar wata bas daura da jif ɗin, ya ciro carbi. Ni na tsuguna can nesa. Muka yi la'asar a wurin. Dillalan filin suka fara taruwa suna kallon tsohon da ya zo gadin mota. Da farko ba a ga komai ba, har na fara addu'ar kada Allah ya kunyata ni, ina kuma jin nauyin addu'ar. Sai tazarar da ke tsakanin tayar baya da jikin motar ta fara raguwa. Tafin hannu, sannan yatsu uku, sannan babu. Kafin rana ta yi ja, ta zauna a gabansa.

Baba ya daɗe yana kallonta. Ya tashi ya zagaya ta, ya shafa murfin gaba kamar yadda ake shafa doki. Sannan ya ce wa Gambo, "Gaya masa, kuma ka faɗa duka. Injinta na da kyau, ban janye ba. Kuɗin da ya faɗa na mota mai tsayuwa ne. Wannan a cire kuɗin ƙafa huɗu, a cire na famfo, a cire na ɗaukarta zuwa Kano duk ranar da ta zauna, a cire na bikin da za ta kunyata ni. Abin da ya rage shi ne kuɗinta." Ya faɗi abin da bai kai rabin na farko ba. Musiye ya yi dariya ya ce albarka, wannan ko ba fassara na gane. Baba ya ajiye makullin a kan benci, ya naɗe dardumarsa.

Gambo ya bi mu har masauki yana cewa akwai wasu, akwai fara, akwai ƙirar Japan. Baba ya ce idonsa ya gaji. Washegari muka mai da kuɗin wajen ɗan canji, muka kamo hanya.

Daga Kwatano har Kano bai ce mini uffan ba. Tireloli na wucewa, ko ɗaya bai yi wa sharhi ba. Na yi ta saƙe-saƙe, na ce shi ke nan, na tsare masa dukiya na zubar masa da girma, kuma ban san wanne ya fi masa ciwo ba. Har na fara tsara wanda zan aika ya ba shi haƙuri in mun isa.

A Azare direba ya tsaya shan mai. Na miƙe zan yi kama ruwan da na saba, sai Baba ya ce, "Zauna." Ya kira mai balangu ta taga, ya saya, ya buɗe takardar a kan gwiwarsa, ya turo ta tsakaninmu.

"Sa hannu."

"Baba, na ƙoshi."

"Tun Lakwaja kake ƙoshi a bayan tanka. Sa hannu."

Na sa. Wallahi ban san ɗanɗanon naman nan ba. Muna ci yana kallon titi, can ya ce, "Sanyin nan ne ya rufe mini ido. Na san ƙa'idar, na ƙi tunawa." Ya ɗauki wata tsoka ya ajiye ta gefena. "In mun isa za su tambaye ka. Ka faɗa musu yadda aka yi, har da zaman da na yi a ƙasa. Kada ka rage komai, kai ba Gambo ba ne."

To, ga shi na faɗa, ban rage ba. Kuɗin tirela na nan, mota kuma ba a saya ba tukuna. Jiya da yamma ya aiko a gaya mini an kawo wata a Damaturu, in shirya mu je ranar Asabar. Ya ce in taho da tabarmata, don a can za mu kwana.